Hannun da Ya Yi Fari

…kuma wannan ko gardama ba ya yi. Ruwan sanyi kawai, a shafa soso, ya tafi. Rakiatu tana tsugune a bakin famfon gidansu na haya a Buokrom, baho tsakanin ƙafafunta, tana kallon jinin mijinta yana narkewa cikin kumfa. Ashe haka na gaske yake? Na ƙaryar, wato sobolo, ruwan zoɓo, da sitaci da jan rini da mijin nata Wahabu ke damawa a tsohon galan, shi ne mai taurin kai, shi ne ke shiga roba ya yi zamansa. Na gaske kuwa ko sallama babu.

Harshen roba. Ƙwayayen filastik, ɗaya an take shi ya baje. Macijin nan mai ido ɗaya. Kofuna masu gindi biyu. Da hannun roba… hannun yana can ƙasan baho, ba ta taɓa shi ba. Bari tukuna.

A ƙofar gida ƙarfe yana kuka a kan dutse. Ƙyas… ƙyas… Fataw ne, ƙanin mijinta, ya tuɓe riga yana wasa adda. Shi da abokansa 'yan moto, masu haya da babur, suka kai Wahabu asibiti ɗazu, suka dawo da jakar wasansa jiƙe sharkaf, suka jefa mata. Wanke. Yanzu jira suke a idar da la'asar su wuce Dichemso, wajen Abdul-Latif, tsohon abokin sana'ar Wahabu da suka rabu baram-baram. Wai shi ya sauya hannun. Wai shi ya sace baƙin ya sa fari a jaka.

Ba shi ba ne. Duk garin nan ita kaɗai ta san ba shi ba ne.

Goge harshen, Rakia, bi ramin da tsinke ke shiga… Furofesa Wahabu! Furofesa, mutumin da ko sunansa sai an rubuta masa. A tashar lori ta Atonsu yake baza tabarma. Hannunsa na hagu ya naɗe shi cikin batakari, faffaɗar rigarsa, na roba ya leƙo ta hannun riga. Ya ɗora a benci, ya ɗaga adda — fau! — jini ya yi tsartuwa, mata su sa ihu. Ya shafa magani, ya rufa ƙyalle, ya fito da na gasken lafiya lau. Maganin ƙarfe ke nan, direbobi na rububi. Ita ma ta gani da idonta kafin aure, har da kukanta, shashasha, wai mutum ya sare kansa.

Fari ya zo, hannun, ranar da aka saye shi. Launin Turawa, yana warin sabon bokiti. Shekara da shekaru Wahabu yana ba shi launi: man goge takalmi, hayaƙin gawayi, tofin goro, zufar jikinsa, har ya zama kamar da shi aka haife shi. Dauɗar ce sana'ar. Kada ki taɓa jakar nan, Rakia. Ko gobara ce ki bar ta ta cinye. Kada ki —

Kuma ba ya duba cikin jaka, ai abin alfaharinsa ke nan. Ido na kan mutane, baki na zuba, yatsu na lalube ƙarƙashin batakari. Ta san haka. Wa ya fi ta sani?

"Sista Rakia, wallahi da ya fiddo shi, fari fat! Wani direba ya ce oburoni nsa, hannun Bature! Shi ke nan koraa, asiri ya tonu."

Haka Fataw ya faɗa, yana haki. Wai dariya suka fara yi. Dariya… sannan wani ya tuna ya sha maganin, wani ya tuna ɗan'uwansa da ya gwada da wuƙa a cinya. Suka danne shi. Suka yage batakari, suka jawo na gasken daga maɓoyarsa, suka shimfiɗa a benci. Da addarsa. Tasa! Shafa maganin mu gani, Furofesa, shafa mana! Sara nawa? Fataw bai faɗa ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Likita ya ce ƙashin ya dagargaje, wataƙila sai an yanke.

Ƙyas… ƙyas…

To fito da hannun mana. Tsoron me kike yi, roba ce.

Tana cusa hannu cikin jan ruwan, ta kamo shi ta yatsu. Nauyinsa bai sake ba. Bayanta ya san nauyin nan, haƙarƙarinta ya sani, kunnenta na dama da har yau yake shuu idan za a yi ruwa — da shi yake dukanta. Roba ba ta fasa fata, sai dai ta bar wuta a ciki. Yana duka yana dariya: ni ban taɓa ki ba, tambayi hannun. Miya ta huce, tambayi hannun. Kin daɗe a famfo, tambayi hannun. Ranar nan cikin azumi ya maƙure ta a jikin bango ya cusa mata shi a baki, warin goro da ruɓaɓɓen sobolo har maƙogwaro, ta cije, ta cije har muƙamuƙinta ya yi ƙara…

Ga shi nan. Wuyan hannun, ta ciki. Gurbin haƙoranta, har da giɓin wushiryarta. Washegari Wahabu ya nuna wa Fataw a nan tsakar gidan: dubi aikin karyar ɗakina. Fataw ya yi dariya har da dukan cinya. Ya san tabon nan. In ya gani yanzu zai gane ba a sauya komai ba, tsohon hannun ne, wanke shi aka yi. Kuma a gidan nan wa ke wanki?

Kiyashi ne. Ai kiyashi ne suka sa ta. Jiya da ya tafi masallacin Juma'a layi suka yi daga ƙofa har cikin jaka, zaƙin sobolo ya kira su, ga wari ya cika ɗaki, mace mai tsabta za ta zuba ido? Ruwan zafi kaɗai ta yi niyya. Ruwan zafi da sabulu. Sai kananzir kaɗan, don man takalmin. Sai bilic mai cire launi… sai soson ƙarfe…

Wani wuri ya fara buɗewa a bayan hannun, ɗan fari kamar ƙwayar gyaɗa. A nan ake tsayawa. Duk mai hankali a nan zai tsaya, ya ɗauko man takalmi ya rufe, ya yi shiru da bakinsa. Ta tsaya? Ta danne shi da gwiwa. Ta goge shi kamar mai feɗe akuya, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce, tana huci, hannayenta na tsagewa da bilic ba ta ji ba. Daɗi ta ji. Allah Ya gafarta, daɗi ta ji, irin wanda ta manta akwai shi.

Amma dariya kawai take so a yi masa! Dariya. Su yi masa ihu, ya dawo gida kai a ƙasa, ya san yadda ake ji. Ita ta ce su ɗauki adda? Ita ta riƙe shi a benci?

Abdul-Latif… mutum ɗaya tak da ya taɓa shiga tsakani. Ya zo ɗaukar ganga ya tarar ana yi, ya riƙe kafaɗar Wahabu: Bra, ɗan'uwana, ya isa, mutum ce. Abin da ya raba su ke nan, ba wata hassada ba. Matarsa Safura ce ta gasa mata baya da ruwan ɗumi ranar. Safura da cikinta ya tsufa, yanzu haka wataƙila tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta san ana wasa wa mijinta adda ba.

Faɗa musu. Tashi ki faɗa. Sai kuma me? Addar ta riga ta wasu, Fataw idonsa ya rufe, daga ƙofar gida zuwa famfon nan ya fi kusa da Dichemso. Wuyanta. Tana jin sanyin ƙarfen a wuyanta tun yanzu. In kuwa ta yi shiru… su tafi, su dawo, wata jakar, wani jinin, shi ma ruwan sanyi kawai —

Kiyashi ne, wallahi kiyashi — to in don kiyashi ne, me ya sa ta shanya shi a bayan madafa inda ba mai gani? Me ya sa ta mayar da shi ƙasan jaka, ta naɗe shi da jan ƙyalle, daidai yadda yake naɗewa, har da ƙullin? Me ya sa da safe ta miƙa masa jakar da hannunta, ta ce a dawo lafiya?

Ta sani. Tun jiya ta sani.

An sallame a masallacin bayan gida. Kukan dutse ya tsaya. Moto ɗaya ya tashi, ga na biyu, hayaƙi na shigowa tsakar gida. Ba ta san sa'ad da ta miƙe ba, ga ta dai a tsaye, ƙafafu sun yi tsami, farin hannun a rungume a ƙirjinta yana ɗigar ruwa a zaninta. Tana takawa zuwa ƙofa. Fataw ya soke adda a bayan wando, ƙafa ɗaya a kan moto, ya waiwayo.

"Sista Rakia, mene kuma? Koma ciki."

Yana kallon hannun. Babban yatsanta yana kan gurbin haƙoran, ya rufe shi ruf. Ɗagawa kawai za ta yi. Yatsa ɗaya… jiya ta murje hannu guda ba ta gaji ba, yau yatsa ɗaya… bakinta a buɗe, moto na ruri, Fataw na jira, yatsan kuma bai motsa ba tukuna.