Madinar Bakin Teku

Fasinja na ƙarshe da ya fito daga jirgin ƙasan Jidda wani Ba'indiye ne mai jan akwati biyu. Khalilu ya bi shi da kallo, sannan ya mayar da idonsa ƙofar tashar, ko Allah zai sa wata tsohuwa ta ɓullo tana jan ƙafa. Tsofaffi kam sun wuce da yawa, har ya tare biyu da "Gwaggo" suka zuba masa ido. Amma babu Gwaggo Fatna a cikinsu.

Mahaifinsa, Malam Sharfuddeen tela, yana kwance a asibiti can unguwar Bani Harisa, nan cikin Madina, kuma likita ya riga ya ce a kira wanda za a kira. Mutum ɗaya tsohon ya nema, ƙanwarsa Fatna da ke Injamena. Rabonsu da juna tun ba a haifi Khalilu ba. Shi kansa Khalilu a waya kawai ya san fuskarta.

Da bizar umara ta fito, sai aka zo zaɓen inda za ta sauka. Akwai jirgin da zai kawo ta filin Madina kai tsaye, amma sai jibi. Akwai na Jidda, yau da safe. Nadiya, ƙanwar Khalilu, ta ce a jira na Madina, tunda filin yana nan bayan gari, su je su ɗauko ta da hannunsu. Khalilu ya ce sam, Baba ba shi da jibi. Shi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a unguwar Sultana, ya saba ganin komai ya gyaru in an bi wayoyi daidai, ya ɗauka tsohuwa ma haka take. Tashar jirgin ƙasa tana cikin filin Jidda, me zai yi wuya? Ya saya mata tikiti, ya aika mata saƙon murya: "Gwaggo, in kin fito ki nemi inda aka rubuta Madina, ki shiga." Ya ma yaba wa kansa da ya taƙaita bayani.

Ya kira lambarta, a kashe. Tun da ta bar filin jirgi layinta na Chadi ya zama dutse. Ya zauna a benci, ya tashi, ya sake zama. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba ya barin mutum ya yi tunanin kirki.

Wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Khalilu ɗan yayana, Gwaggo ce." Muryarta fes, har da dariya. "To ga ni na iso, ban gan ka ba. Haka kuke tarbar baƙi a nan?"

"Alhamdu lillahi. Gwaggo, ta wace ƙofa kika fita? Ina cikin tasha."

"Wace tasha? Mota ta sauke mu a kasuwa. Ni dai na duba ban ga koren ƙubbar Annabi ba tukuna. Amma ɗana, ashe Madina akwai teku? Duk alhazan garinmu babu wanda ya taɓa faɗa mini."

Khalilu ya miƙe daga bencin. "Gwaggo, ba mai wayar."

Mai wayar wani Bayamale ne mai sayar da turare. Ya yi bayani da Larabci a hankali, kamar mai jin nauyin abin da yake faɗa. Hajiya tana tsohuwar kasuwar Jidda. Motar bas ta hau daga filin jirgi, wadda aka rubuta wa "wasaɗul madina". Khalilu ya rufe ido. A Larabci kowane birni madina ne, rubutun tsakiyar gari kawai yake nufi. Shi da aka haifa a nan bai taɓa kawo wa ransa cewa kalmar tana da wata fuska ba.

Gwaggo ta karɓe wayar. "Me yake cewa? Kada ya ruɗe ka. Da idona na karanta, alif, lam, mim, dal. Ni ba jahila ba ce, na sauke tun ban yi aure ba. Har na tambayi direba, Madina? Ya ce na'am."

Ya buɗe baki zai ce mata Jidda take, tafiyar rabin yini a mota tsakaninsu. Sai ta ce, "Yaya ya ci wani abu? Na kawo masa kilishi, in likita bai hana ba."

"Gwaggo, da ɗan saura kaɗan," in ji Khalilu. "Garin da faɗi. Za a sa ki a wata mota ta ƙaraso da ke."

Ya duba jiragen ƙasa na gaba a waya, duk sun cika sai na yamma. Ya roƙi mai turare don Allah ya sa ta a motar haya mai zuwa Madina, ta Annabi, ya nanata har sau biyu. Mutumin ya ce a kan kaina, wato ya ɗauki nauyin, amma motocin sai sun cika suke tashi. Khalilu ya yi tunanin ya ja tasa motar ya nufi Jidda. Zuwa da dawowa yini guda ne. Sauri dai ya haifi nawa, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi, ko direban bas gaskiya ya faɗa.

Yana cikin haka Nadiya ta kira. Ita Hausa tana ji, amma da Larabci take amsawa. "Ta'al, ya Khalil. Dahhin." Ka zo, yanzu. Ba ta tambayi labarin Gwaggo ba, shi ma bai faɗa ba.

A bakin ɗakin asibitin ya gaya mata. Ta dube shi, ya jira ta ce ai na faɗa maka. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta gyara mayafinta ta matsa masa hanya.

Malam Sharfuddeen ya ƙanƙance a kan gadon, numfashinsa yana fita da ƙyar, roba a hancinsa. Amma idonsa biyu. Ya kalli bayan Khalilu kafin ya kalli Khalilu.

"Ina take?"

Kafin ya haɗa amsa wayar ta sake ƙara. Lambar mai turare ce. Khalilu ya ɗauka don ya ji ko motar ta cika, sai muryar Gwaggo ta cika ɗakin, don ita ba ta yarda waya tana kai magana ba sai an taimaka mata da ƙarfi.

"Khalilu, kana wurinsa? Ba ni shi."

Tsohon ya riga ya miƙo hannu. Khalilu ya kara masa wayar a kunne.

"Yaya."

"Fatna," in ji shi. "Kina ina?"

"Ga ni a Madina, Yaya. Na iso tun ɗazu. Mota kawai nake jira ta kawo ni unguwarku."

"Kin iso," in ji shi. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa zuwa kan matashi. "To maza."

Nadiya ta juya ta fuskanci bango. Khalilu ya karɓi wayar, ya ji mai turare yana cewa saura mutum uku mota ta cika, ya yi godiya ya kashe. Ya san ya kamata ya gaya wa mahaifinsa gaskiya. Kafin ya fara, tsohon ya riga shi.

"Ta da ni zaune," in ji mahaifinsa. "Kada ta same ni a kwance kamar kaya."

Suka ɗaga kan gadon, suka jera masa matasai. Ya nemi hularsa, Nadiya ta ciro ta daga jaka ta sa masa. Ya shafa gemunsa, ya ce a goge masa fuska. Tun da aka kwantar da shi ba su ga ya damu da kamanninsa ba sai yau.

"Khalilu, ba ta san ɗakin ba. Buɗe ƙofar, ka tsaya a waje kada ta wuce."

"To, Baba."

Khalilu ya buɗe ƙofar har ƙarshe. Ya fita ya tsaya a inda tsohon zai iya ganinsa daga gado, ya juya fuskarsa wajen matakala.