Faɗan Don Eulogio da Doña Nicolasa

"Wa ya ce ka ƙara wa miyar kifin nan gishiri? Kai da harshenka ya mutu tun zamanin jirgin ruwa mai hayaƙi!"

"Tsohuwa, da ban ƙara ba, ai ruwan kogi za ki ba mu mu sha."

Haka muryoyin maƙwabtana suke tsallako katanga kowace yamma a garinmu Mompox, lokacin da zafi ya fara sauka, kogin Magdalena ya koma ruwan zuma, balbelu suna wucewa a jere kamar fararen kaya a kan igiyar shanya. Kowane gida yakan fito da kujerun lilo ƙofa. Maƙwabtan nawa, Don Eulogio da matarsa Doña Nicolasa, sukan ajiye nasu dab da juna, har hannayen kujerun suna gogayya, sannan su ɗora faɗa daga inda suka tsaya jiya. Shekara hamsin da uku ke nan. Ita ta ce minsharinsa ke hana kaji yin ƙwai. Shi ya ce tun ranar aurensu take masa alkawarin yin shiru na minti ɗaya. Suna yi, hannunta na cire masa zare daga kafaɗar riga, ba ta ma san tana yi ba.

* * *

A watan azumin Ista ta zame a tsakar gida, ƙugunta ya tsage. 'Ya'yansu biyu suka zo, Amparo daga Bogotá, Wilfrido daga Cartagena. Dukansu ni na koya musu karatu, yara ne masu kirki. A ɗakin girki suka yanke shawara, murya ƙasa ƙasa: Amparo ta ɗauki uwar, Wilfrido ya ɗauki uban, kowa ya ji da ɗaya.

Na ce, "Ba za a bar su wuri guda ba?"

"Malama, gidajenmu ƙanana ne," in ji Amparo. "Kuma ke kin fi kowa jin su. Kullum kamar zakaru. Ai hutu ne a gare su."

Da aka gaya wa tsofaffin, Don Eulogio ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya ce, "Ku tafi da ita mana. Kunnena ya huta."

"Ni ma in yi barci kamar 'yar mutane," ta mayar masa daga kan gado.

Kowannensu ya jira ɗayan ya ce wasa ne. Yaran kuwa suka sauke ajiyar zuciya, suka hau haɗa kaya.

* * *

Bayan wata takwas na je Cartagena ganin likitan ido, na biya gidan Wilfrido in gaishe da Don Eulogio. Yana hawa na tara, a ɗaki mai sanyin na'ura, an yi masa aski, an sa masa riga mai guga. Ta taga ana hango teku, shiru, kamar an zana shi a bango. Ya ce mini wani lokaci in ya lumshe ido yakan ji gidan ya kwance daga ƙasa yana tafiya a hankali, yana hawan kogi zuwa gida.

Ranar Lahadi ce, ranar waya. Wilfrido ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa wayar. Fuskar Doña Nicolasa ta fito ƙarama, cikin rigar sanyi, Amparo a bayanta tana murmushi.

"Ina wuni, Nicolasa. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Eulogio. Kana cin abinci?"

"Ina ci. Na gode."

"Madalla. Allah ya kiyaye."

"Amin. Ke ma."

Suka tsaya suna kallon juna kamar baƙi biyu a layin asibiti. Can Amparo ta ce za ta ba Mama magani, hoton ya ɗauke.

"Kin gani, Malama?" Wilfrido ya ce da farin ciki. "Yanzu ko musu ba sa yi." Ya ajiye wayar a kan tebur, ya tafi kawo mini kofi.

Tsohon ya matso kusa da ni.

"Kin ga yadda suka yanke mata gashi? Ta koma kamar kazar da ta faɗa rijiya."

"To me ya hana ka gaya mata?"

"A gaban yara? Sai su ce na fara, su daina kiran."

Ya jawo wayar da yatsu biyu, ya jingine ta da kwalbar furanni. Gilashin baƙi ne, ba kowa a ciki. Ya sunkuya ya faɗa masa maganar kazar a hankali, sannan ya karkata kunnensa mai ji, ya jira.