Inda Fachtna Ya Binne Tsohuwar Dutse

Fachtna ya gaji da tsohuwar nan da aka sassaƙa da dutse, gajiya har cikin ƙashi. Tun kaka da kakanni take manne a saman ƙofar rusasshen cocin ƙauyensu, tsirara, kai ƙwal, haƙarƙari a waje, ta ware ƙafafu ko kunya babu. Duk mai ciki sai ta je ta shafa ta don ta sauka lafiya, har dutsen ya yi sulɓi.

Sabon Fada, limamin Kiristan ƙauyen, ya ce abin kunya ne, a ciro ta a binne. Da yake Fachtna ne mai haƙa kabari, aikin ya faɗo a kansa. Ya binne ta bayan coci, mata suka tono. Ya kai ta fadama, suka bi sawun jakinsa. Fada na ta masifa, ƙugun Fachtna na ta ciwo, ruwan sama kuma bai fasa ba. Ya kuma san sarai matarsa Gobnait ce jagorar masu tonon, don cikin 'yarsu tilo, Sadhbh, ya tsufa.

Rannan ya dawo jiƙe sharkaf, ya jingine shebur ya zauna bakin murhu.

"Kai tsoho, yau kuma ina ka kai ta?" in ji Gobnait, tana feraye dankali.

"Inda ba mai tonowa."

"Haka ka ce wancan karon. Yarinya na gab da naƙuda kana mini yanga? Faɗa mini, mai ƙashin tsiya!"

"Ke dai bari. Me ta tsinana miki? Sau nawa kika shafa ta?"

Wuƙar ta tsaya. Ya yi nadamar maganar, amma ta riga ta fita.

"Tana kan tudu," ya ce a hankali, "wajen namu. Tunda ta kasa kawo su da rai, ta zauna ta yi musu raino."

Tudun nan ne ake binne jariran da suka rasu ba a yi musu baftisma ba. Nasu uku na can, kuma tun na ƙarshen Gobnait ba ta ƙara bin ko hanyar ba.

Gobnait ta ajiye wuƙar. Sannan ta ja mayafinta ta ɗauki shebur ɗin.

"Tashi ka nuna mini daidai wurin," ta ce. "Kada in sari ɗaya daga cikinsu."