Takalmin da Harra Ta Cinye

Haladu ya fi shekara ashirin yana gyaran takalma a wani lungu bayan titin Sultana, amma bai taɓa riƙe takalmin hawan dutse ba sai ranar da Abdulmajid ya ajiye masa shi a kan benci, a ƙarshen shekarar 2002.

Tare suka taso a unguwar Ƙurban. Kakanninsu ne suka zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa, suka ga Madina suka ƙi komawa. Abdulmajid ya girme shi da shekara shida, direban motar asibiti ne har ya yi ritaya. Ɗansa namiji ɗaya tal, Suhaib, ma'aikacin awon ƙasa ne, mai son duwatsu kamar a kansu aka yanke masa cibiya. Wata Alhamis ya fita shi kaɗai zuwa harra, dajin baƙin dutsen nan da ke kudu da gari, bai dawo ba. An ga motarsa a kulle a gefen hanya. 'Yan difa'ul madani, masu aikin ceto, suka kwana goma sha ɗaya suna nema, har da jirgi mai saukar ungulu, daga baya suka ba da haƙuri.

Uban bai haƙura ba. Ya ɗauko wani takalmin da yaron ya bari a ɗaki, ya yi masa yawa sai ya riɓa safa biyu. Kullum bayan asuba maƙwabcinsa Idrisa, mai tasi, zai kai shi bakin harra ya jira shi a mota.

Haladu ya juya takalmin a hannu. Saman lafiya lau, fata mai kauri, ɗinki kamar na jiya. Tafin kuwa ya suɗe sumul, haƙoran robar duk sun tafi.

"Yaya, wata nawa ka yi da shi?"

"Sati bakwai."

"Sati bakwai! Wallahi silifas ɗin alhazai ya fi haka daɗewa."

Ya danna robar da farce, sai ya gane. Mai laushi ce, don ta kama dutse aka yi ta, laushin kuma shi ne ajalinta. Dutsen harra kuwa magagari ne, duk abin da ya taka shi sai ya bar masa rabonsa.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Jidda ya samo masa irin tafin. Haladu ya ɓare tsohon, ya kankare, ya shafa gam, ya bi da ɗinki. Bayan wata biyu takalmin ya dawo. Ya sake dawowa. A karo na uku Haladu ya lura dugadugin hagu ya fi na dama cinyewa, ta gefe ɗaya, alamar mai shi ya fara jan ƙafa. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Me za ka ce wa mutumin da ke neman ɗansa?

Wata ranar Litinin bayan la'asar, Ƙaltume, matar Abdulmajid, ta tsaya a bakin shagon tare da 'yarsu Sundus. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta gaisa, sai Sundus ta fara da Larabci, kamar yadda 'ya'yan yanzu suke yi: "Ya ammi, abuya ta'ban," wato babanta ya gaji. Uwar ta karɓe da Hausa.

"Malam Haladu, shekaran jiya da rarrafe ya shigo gida. Na rasa ɗaya, kada in rasa biyu. Ba ya jin maganata, ba ya jin ta liman. In ya kawo takalmin nan, don Allah ka ce masa ba ya gyaruwa. A kai ya ɗora ransa, ya ce takalmin ne ya san hanyar yaron. In babu shi zai zauna."

"Hajiya, ƙarya zan yi masa ke nan."

"Ka yi, alhakin a wuyana."

Kwana huɗu bayan haka Abdulmajid ya zo. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Haladu ya daɗe yana jujjuya takalmin, sabon tafi na nan a ƙarƙashin benci, kusa da gwiwarsa.

"Yaya, wannan karon khalas, ya ƙare. Fatar ta ci allura da yawa, ba za ta ƙara riƙe ɗinki ba."

Abdulmajid ya dube shi, duban da ya ɗan daɗe. Ya ce, "To, Allah ya saka." Ya sa takalmin a leda ya fita.

Bai zauna ba. Washegari ya tafi da shi yadda yake, tafi sumul kamar bayan cokali. Da azahar ta wuce bai fito ba, Idrisa ya bi sawunsa, ya same shi kwance a gindin wani tudu, ya zame daga sama, ƙashin kwatangwalo ya karye.

Haladu ya yi kwana uku bai iya zuwa asibiti ba. Yana buɗe shago, yana zama, aiki ba ya shiga hannunsa. Ranar ta huɗu ya je. Ya tarar da Ƙaltume a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar, ba wanda ya iya gaida wani.

Abdulmajid na kwance, ƙafa a ɗaure. Haladu ya zauna a gefen gado, ya buɗe baki, kuka ya riga magana.

"Yaya, takalmin yana gyaruwa. Tafin ma yana shago. Ni na..."

"Na sani. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya ba ka iya kallon mutum. Na san kuma wadda ta aiko ka. Ku duka alheri kuka nufa." Ya kalli rufi. "Ban riƙe ka ba, Haladu. Abin da ke cin raina, saura kwari biyu ta gabas ban duba ba. Biyu kawai."

Haladu ya ce zai je. Ya kuma je, shi da Idrisa, Juma'a uku a jere, suka duba kwarin biyu dutse bayan dutse. Ba su ga komai ba sai ƙasusuwan wata akuya. Da ya kawo labari, Abdulmajid ya ce, "Alhamdulillahi," ya juya fuska bango.

Ƙashin ya haɗe a karkace. Daga ɗaki sai tsakar gida, da sanda, Sundus na riƙe da shi. Haladu kan rufe shago duk Alhamis ya je su sha shayi, su yi hirar mutanen Ƙurban na da, waɗanda suka mutu da waɗanda suka koma Makka. Sunan Suhaib ba ya fitowa.

Abdulmajid ya rasu a watan Rajab, shekara biyu da faɗuwarsa. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ƙaltume ta gama takaba ta koma gidan Sundus a unguwar Al-Azizya. Har ta tashi daga Ƙurban ba ta yarda a sauya lambar wayar gidan ba, ko yaron zai kira.