Ƙurya da Bakin Ƙofa

Da Mavjuda ta san abin da zanen fuska zai jawo mata, da ta tsaya a kan baje kolin littattafan kiwon tsutsar siliki, irin wanda take yi kowace bazara, mutum huɗu su zo, uku daga cikinsu don shan inuwa.

Ita ke riƙe da laburaren unguwarsu a Margilan, ƙasar Uzbekistan, ɗaki biyu na littattafai da zaure guda mai shimfiɗe da darduma, inda ake taron karatun waƙe da koyon ɗinki. Zauren dogo ne siriri, ƙofa a wannan kai, ƙurya a wancan. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, an kuwa yi masu kanta a jikin bango.

Malam Ergash ne sanadi, ko da yake bai nemi komai ba. Rayuwarsa duka a koyar da zane a makarantar unguwa ta ƙare. Babu baligi a layin nan da bai taɓa zana rumman a ƙarƙashinsa ba, ya fito kamar albasa. Da yamma kuma yakan zana fuskokin maƙwabta ya ba su kyauta, su kai gida su rataye kusa da agogo. Yanzu hannunsa na rawa, yanar ido ta rage masa gani, sai ya kai abu dab da hancinsa yake gane shi. Wata rana ya zo mayar da littafi, ya ce mata, cikin hira kawai, bai taɓa ganin zanensa biyu a bango ɗaya ba. Mavjuda, wadda ta yi jami'a kuma ya kamata a ce ta fi haka wayo, ta ce masa ran Asabar ɗin ƙarshen wata zai gan su duka.

Aro bai yi wuya ba. Kowane gida da murna ya miƙo nasa, an goge, an naɗe a ƙyallen tebur. Ta rataye su yadda aka koya mata, manya da manya, masu duhu inda haske ke faɗawa, duka a layi ɗaya daidai ido. Ta ja da baya ta duba, har ta ɗan ji daɗin kanta. Wannan shi ne jin daɗi na ƙarshe da ta yi a makon.

Davron mai sayar da kayan gyaran mota ne ya fara zuwa, ɗan dattijo Turgun-ota. Tun da aka gina laburaren bai taɓa taka shi ba, sai da ya tambayi hanya.

"Mavjuda-opa," in ji shi, wato Yaya Mavjuda, yana nuna wani zane, "wannan babana ne, ko idona ne?"

"Babanka ne, Davron. Ga hancin nan."

"A kan takalma?"

"A kan bango. Takalman suna ƙasa."

"Opa, mutumin da ya riƙe masana'antar gurzar auduga tun kina goye, wanda ko gidan biki ya shiga sai an kai shi ƙurya an sa masa matashi biyu, shi kika tsayar a bakin ƙofa kamar yaron da aka aiko karɓo gishiri?"

Ta yi masa bayanin haske. Ya saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa mai zazzaɓi. Don a zauna lafiya ta ɗauke Turgun-ota ta kai shi tsakiyar bangon ƙurya.

Kafin la'asar sai ga Dilafruz, matar ɗan Hoji Mamasoli.

"Opa, ni ba rigima ta kawo ni ba," in ji ta, wanda a Margilan ma'anarsa a nemi kujera, za a daɗe. "Kawai dai ina tambaya ne, don in san abin da zan faɗa a gida. Wanda ya je Makka, da wanda iyakarsa wurin shaƙatawa a bakin teku da kuɗin masana'anta, wa ke zama sama?"

"Ba zama suke yi ba, Dilafruz. Zane ne. Fenti ne a kan ƙyalle."

"To in fenti ne, me zai hana ki sauya su?"

Ran Mavjuda ya ƙara ɓaci. Ta jera su biyun kafaɗa da kafaɗa. Washegari aka zo da tambayar wa ke dama wa ke hagu, kuma damar wa, ta mai kallo ko ta wanda aka zana. Ana cikin haka 'yar Zulhumor-hola, tsohuwar ungozomar unguwa, ta shigo ta tarar da uwarta a can tsakiyar zaure.

"Duk masu ɗaga muryar nan," ta ce tana nuna Davron da leɓe, "uwata ce ta fara ganin su tsirara. Kai ma da ƙafa ka fito, ba don ita ba da yanzu babu mai sayar mana da jabun burki."

Mavjuda ta ce to a bi shekaru, babba ya hau sama. Sai ya zamana dukkan dattawan a shekarar babbar dusar ƙanƙara aka haife su, kuma kowa nasa ne ya riga dusar sauka. Ta ce a bi haruffa. 'Yar Zulhumor ta ce waɗanne, tsofaffi na Rashanci ko sababbi na boko, don a tsofaffin uwarta na kusa da farko, a sababbin tana can wutsiya. Ta ce a jefa ƙuri'a. Gidan Hoji suka aiko cewa ba da su za a yi caca ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, duk cikinsu babu wanda ya tsaya ya kalli zane ko ɗaya. Malam Ergash ya kama yadda Hoji ke karkatar da kai in zai musanta magana, ya kama hannayen Zulhumor-hola a kan cinyarta, manya, a buɗe, kamar har yanzu suna jiran a miƙo masu jariri. Su kuwa nisa tsakanin ƙusa da kantar takalma suke aunawa.

Ran Alhamis Davron ya sauke babansa ya naɗe shi a ƙyallen tebur, ya ce ba don komai ba, ƙura ce yake gudu. Dilafruz ta biyo baya. Daga nan sauran gidajen, waɗanda da ba su san an wulaƙanta su ba, suka gane an wulaƙanta su. Kafin a sauko Juma'a ba abin da ya rage a zauren sai ƙusoshi.

A haka Malam Ergash ya same ta. Ya tuɓe takalmi ya jera su bisa kantar, ya bi bango yana shafawa da yatsa, ƙusa bayan ƙusa.

"Kin buga su daidai, 'yata. Layi ɗaya. A aji ba ki iya jan layi ba."

"Malam, zan dawo da su."

"Bar shi. Nasu ne, ni na ba su." Ya gyara hularsa. "Sai dai ƙanwata ta riga ta taso daga Andijan. Na ce mata ta zo ta ga aikina. Ita har yau gani take fentin ƙofofi nake yi."

Ya yi dariya kaɗan, ya sa takalminsa ya fita. Mavjuda ta zauna a kan darduma ta zagi unguwar gida-gida, a zuci, bisa tsari, ba ta tsallake kowa ba. Da ta gama ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan shayin bakin magudana, inda dattawa ke zama bayan masallaci.

Ba ta hau gadon katakon da suke kai ba. Ta tsaya daga ƙasa, ta gaishe su hannu a ƙirji, ta tambayi gwiwoyinsu da jikokinsu, sannan ta ce gobe babu baje koli, saboda an rasa inda za a rataye su.

Turgun-ota ya ajiye kofinsa. "Wa ya ce? Ni? Ni da wurin zama? 'Yata, ki sa ni bayan ƙofa ma."

"Subhanallahi," in ji Hoji Mamasoli, ya karkatar da kai. "Mu da ƙasa ke jira, ina mu ina ƙurya? Aikin yara ne wannan."

Ta san sarai da saninsu aka yi komai, don a gidajen nan ko kaza ba a yankawa sai tsoho ya gyaɗa kai. Amma ba a faɗa wa mai farin gemu haka a gaban mutane.

"To tunda haka ne, otalar, iyayena," ta ce cikin haushi, "gobe da hantsi kowa ya zo da nasa a hannunsa. Ga ƙusoshi nan. Kowa ya zaɓi wurinsa. Ni na cire hannuna."

A ranta ta ɗauka kunya za ta sa su jeru ko ta yaya. Ta manta da wa take magana.

Da hantsi suka iso, cikin riguna masu ratsi na zuwa biki, kowa da fuskarsa a hammata, 'ya'ya da surukai a baya. Suka tuɓe takalma. Daga nan ba wanda ya ƙara taku ɗaya.

"Bismilla, Hoji-aka, yayana, ku wuce."

"A'a, Turgun-aka, ina ni ina gabanku? Ku ne babba."

"Ni? Kuna rarrafe aka haife ni!"

"Wallahi kun girme ni. Ku wuce, ku wuce."

Aka kama gwiwar hannu, aka tura, aka turje. Wannan kokawa sun yi ta a ƙofar kowane biki da kowace sadakar mamaci tun suna da baƙin gashi, kuma ka'idarta ɗaya ce, wanda ya bari aka kai shi sama da sauƙi shi ne marar kunya. A gidan biki mai gida ne ke raba gardama, ya ja ɗaya da ƙarfi. Nan kuwa mai gidan ta ce ta cire hannunta, a gaban shaidu.

Turgun-ota ne ya yi dabara. Ya zame, ya ɗaga zanensa ya maƙala a ƙusar da ke daidai saman takalma, ya juyo yana haki kamar wanda ya ci tseren doki.

"Baba," in ji Davron, "ai nan ne..."

"Rufe min baki. Kai ka jawo mana."

Hoji Mamasoli ya ga ana neman a fi shi tawali'u a bainar jama'a. Ya nemi guduma. Ya buga sabuwar ƙusa a ƙasan ta Turgun-ota, sai da farar ƙasar bangon ta zubo cikin takalmin wani. Zulhumor-hola ta ce ita mace ce, tsohuwa, ba ta isa ta wuce maza ba, ta rataye nata zanen a bayan ƙyauren ƙofa, inda sai an rufe zauren za a gan ta. Sauran suka ga manya sun tsaya a ƙofa, wa ya isa ya wuce su? Guduma ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu. Mavjuda na tsaye tana kallon layinta, da haskenta, da karatunta na jami'a, ana buga masu ƙusa.

Da aka gama, zanen duka sun cunkushe hagu da dama na ƙofar, tun daga kantar takalma har rufi, katako na gogar katako, wasu a karkace. Sauran zauren kuwa fayau, dogon bango fari da ƙusoshinta a jere. Baƙi suka fara zuwa, kowa ya tsaya a ƙofa yana kallo, na baya na tura na gaba. Makaɗin da aka gayyato ya kasa shigo da kayansa, ya zauna a tsakar gida kusa da tukunyar shinkafa yana ɗanɗanawa.

Sai ga Malam Ergash da ƙanwarsa, cikin kwat ɗinsa guda ɗaya. A nan ne, karon farko a makon, unguwa ta yi baki ɗaya. Malami ne, shi ya koyar da kowa, ranarsa ce. Turgun-ota ya kama hannun dama, Hoji ya kama na hagu.

"Ku dakata," yana cewa, "bari in ɗan duba..."

Suka ɗauka irin turjiyar da aka saba ce, suka yaba da ladabinsa, suka ƙara ƙarfi. Aka wuce da shi ta gaban aikin rayuwarsa ƙafarsa da kyar take taɓa darduma, aka dire shi a ƙurya, aka sa masa matashi uku. Ya zauna shi kaɗai a ƙarƙashin farin bango, yana ƙyafta ido wajen ƙofa, inda a wurinsa ba komai sai hazo mai launi. Ya yunƙura zai tashi, aka ce haba Malam, aka mayar da shi.

Mavjuda ta rufe ido ta buɗe. Ta shiga ɗakin littattafai ta ɗauko butar shayi, ta ratsa zauren ta dire ta a gabansa, ta ɗaga murya yadda na tsakar gida ma za su ji.

"Malam, yau ba baƙo ba ne ku. Zanen naku ne, taron naku ne, ku ne mai gida. Tun yaushe mai gida ke zama a ƙurya baƙinsa na tsaye ba shayi?"

Hoji Mamasoli ya karkatar da kai, ya nemi ta inda zai musanta, bai samu ba. Mai gida a bakin ƙofa yake zama, shi ke zuba shayi, wannan ko jariri ya sani.

Malam Ergash ya ɗauki butar da hannu biyu, murfin na ta ƙara. Aka buɗa masa hanya. Ya isa ƙofa, ya wuce kofunan da aka miƙo masa kamar bai gan su ba, wataƙila kuma bai gan sun ba, ya kai hancinsa dab da zane na farko. Ya daɗe a nan. Ya matsa na biyu. Ƙanwarsa na biye da shi, ta toshe baki da gefen mayafi.

A gaban Turgun-ota ya tsaya ya ɗan ja tsaki.

"Wa ya zana wannan kunnen?"

"Ku ne, Malam," in ji Mavjuda.

"Da yaro ne ya kawo min shi a aji, da ya maimaita shekara." Ya juya wajen ƙanwarsa, fuskarsa duk a sake. "Amma zo ki ga idon. Zo, matso, ki ga idon."

Ya durƙusa da kyar don ya duba Hoji, wanda ke can ƙasa kusa da takalma, butar na tsiyaya a kan darduma. Mavjuda ta kalli tabon yana faɗaɗa, ta kalli jama'a riƙe da kofuna ba komai a ciki, ta ga mai gidan nan ba zai zuba wa kowa shayi yau ba. Ta matsa tsakanin kafaɗu ta fita neman wata butar.