Mutum Na Uku

"Ga su nan," in ji Baba mai fenti, ko kai bai ɗaga daga kan gwangwaninsa ba.

Dogo ya yar da zarto, ya karkaɗe dusar katako daga jikinsa, ya zura farar rigar da ke rataye a bayan ƙofa, ya hakimce a kan benci. Kafin motar hukuma ta gama tsayawa, kafintan da babu kamarsa a layin ya zama mai saye.

Doka ce ta ce duk shagon da ma'aikatansa suka wuce biyu masana'anta ne. Masana'anta kuwa sai da lasisin hukumar katako, da na ƙura, da na ƙarar injina, kowace da ofishinta da motarta da yunwarta. Su kuma su uku ne: Kafinta mai shagon, da ƙanensa Dogo, da Baba wanda tun zamanin mahaifinsu yake musu fenti. Shi ya sa duk zuwan jami'ai sai Dogo ya taya kujerar da shi ya ƙera.

"Haba malam, rage mini mana," in ji Dogo. "Ƙafar nan ma a karkace take."

"Wanda ya yi ta ne karkatacce," in ji Kafinta.

Jami'in da ya shigo ya yi dariya, har ya juya zai fita. Sai ya tsaya, ya miƙa hannu a hankali, ya zare fensirin da ke maƙale a kunnen Dogo.

"Mai saye da fensir a kunne?"

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Abin takaicin shi ne babu abin da suka sata, aiki kawai suke yi.

"Yallaɓai, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji Kafinta.

"Doka ba ta san ƙane ba. Ko ka yi rajista, ko ka rage mutum, ko mu garƙame shagon."

* * *

Kafinta ya gwada rajistar. Ofishin ƙura ya ce sai ya kawo shaidar ofishin ƙara, na ƙara ya ce sai ta katako, na katako kuwa kullum shugabansu yana taro. Takalminsa ya siɗe, aiki ya taru, masu kaya suka fara karɓe kayansu.

"Ni zan tafi," in ji Baba wata safiya. "Na ci zamanina."

"Ka tafi ina, Baba? Wa zai ɗauke ka da wannan tarin?" Dogo ya juya wajen wansa. "Yaya, ni zan nema a wani wuri."

Kafinta ya so ya ce a'a. Matar Dogo tana da tsohon ciki, kuma shi ya koya wa yaron nan riƙe guduma. Amma ya bar shi ya tafi, ya tsani kansa saboda haka.

Duk shagon da Dogo ya leƙa, mutum biyu ne cif, suna fama da aikin mutum biyar. Wuri ɗaya ne kawai ake ɗaukar ma'aikata a garin.

* * *

Bayan damina motar ta dawo. Kafinta da Baba suna kokawa da wani dogon katako, tsohon yana haki, gefensa yana jan ƙasa. Wani sabon jami'i ya shigo a bayan shugabansa, kakin ya yi masa gajarta a hannu.

Hannun sabon jami'in ya tafi zai tallafi katakon. Shugaban ya yi gyaran murya, hannun ya koma.

"Tambaye su," in ji shugaban.

Dogo ya kafa ido a ƙasa.

"Yaya... malam, ku nawa ne a shagon nan?"

"Mu biyu ne, yallaɓai," in ji Kafinta. "Na ukun yana wajenku."

Suka fita. Baba ya sake sunkuyawa, ya kama gefensa na katakon.