Lallen da Ya Kama Ranar Alhamis

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, sana'ar Dije ta ƙara kasuwa. Makaɗa sun yi ƙaranci a gidajen biki, sai mata suka mai da hankali kan abin da ya rage musu, wato gyaran amarya. Gidanta yana bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, kuma tun daga zaure mutum zai ji ƙamshin turaren wuta. A Maiduguri ta koyi dilka da ƙunshi, lokacin da marigayi mijinta yake aikin reluwe a can.

Yawancin matan da ke kwanciya a tabarmarta barci ke ɗauke su. Mace za ta zo da labari cike da baki, amma da an fara murza mata dilka mai ɗumi a baya sai muryarta ta soma ja, can kuma sai shiru. Wasu har minshari suke yi, su farka suna jin kunya suna ba da haƙuri. Dije takan ce musu ba komai, jiki ne ya karɓi haƙƙinsa. Ba ta taɓa girgiza kowa ba. Takan rufe mace da zane, ta sassauta hannu, ta kori kaji daga bakin ƙofa. Idan lokacin salla ya yi sai ta riƙe tafin ƙafar mai barcin ta matsa a hankali tana kiran sunanta, har ta buɗe ido da kanta.

Hassana 'yar Zurmi ce, malamar firamare, ɗiyar Malam Muhtari mai karantar da manya a zaurensa. Ta zo Ƙaura ta sauka wurin gwaggonta Yalwa don a yi mata gyaran jiki kafin ɗaurin aurenta da Jelani, direban bas da ke jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Sun daɗe suna jiran juna. Da farko ya jira ta ƙare kwaleji, daga baya ita kuma ta jira ya gina ɗaki biyu a gefen gidan mahaifiyarsa, bulo bayan bulo, duk lokacin da mota ta yi albarka. Duk wannan Dije ta ji shi daga bakin Hassana, don amaryar ba ta gajiya da zancensa. Ta ba ta labarin yadda ya shafa wa ɗakin shuɗin fenti saboda ta taɓa cewa tana son launin, da yadda fasinja ke yi masa tsiya wai shi kaɗai ne direban da ke tsayawa don tinkiya ta gama tsallake titi.

A kwanakin farko Hassana ba ta runtsa ba ko kaɗan a kan tabarmar. Ta ce ko a gida ma barci ya ƙaurace mata, da ta rufe ido sai tunanin baƙi da abinci da ɗinkin da tela bai gama ba ya taso. Sai ranar Alhamis, jajibirin ɗaurin aure, gajiya ta ci ƙarfinta. An wanke dilka, an turara mata jiki, Dije ta zana mata lalle a hannu da ƙafa ta naɗe da leda. Hassana tana cikin faɗin cewa Jelani ya tafi kasuwar Shinkafi tun da safe, zai yi sawu ɗaya kawai ya sayo goron ɗaurin aure ya dawo, sai maganar ta tsinke a tsakiya. Dije ta ja zane ta rufe ta, ta fita tsakar gida ta yi sallar azahar.

Tana sallamewa Yalwa ta shigo ba ko sallama. Mayafinta a hannu yake, kuma takalmin ƙafarta ɗaya nata ne, ɗaya na mijinta. Ta nufi ɗakin kai tsaye, Dije ta sha gabanta ta riƙe ta a bakin rijiya.

Da ƙyar Yalwa ta iya haɗa maganar. Tayar gaba ce ta fashe kusa da Moriki a hanyar dawowa, motar ta faɗa gaban wata babbar mota mai ɗauke da hatsi. Fasinja sun ji raunuka, amma Jelani ko asibiti bai kai ba. An riga an kawo shi gida, bayan la'asar za a yi masa sutura.

Dije ta yi salati.

"Bari in tashe ta," in ji Yalwa.

"Tsaya, Yalwa. Hannunta da ƙafarta ɗaure suke, ga kaskon wuta kusa da kanta. In ta ji wanga abu a haka, ko ta faɗa wuta ko ta zuba lalle a ido. Bar ni in kwance ta tukun."

Yalwa ta ce ba za ta iya tsayawa tana kallon yarinyar tana barci ba alhali ta san abin da ta sani. Dije ta ce to ta zauna a bakin ƙofa ta juya baya.

Dije ta shiga ta fitar da kaskon, ta kawar da kwalaben turare da reza da duk abin da zai iya fashewa ko ya yanka. Sannan ta kawo ruwan ɗumi a roba ta durƙusa. Ta warware ledar ƙafar dama, ta kankare busasshen lallen da gefen cokali, ta wanke. Ta koma ta hagu. Hassana ta motsa, ta yi wani ɗan gunaguni, ta gyara kwanciya. Fuskarta a sake take kamar ta jaririya, bakinta a ɗan buɗe. Dije ta ɗauki hannayen ɗaya bayan ɗaya ta wanke, hawayenta na sauka cikin robar. A duk shekarunta na sana'a ba ta tuna lallen da ya kama kamar wannan ba. Ya yi jawur har ya nemi komawa baƙi, kowane zane ya fita sarai.

Da ta gama sai ta tarar hannunta ya ƙi zuwa ga tafin ƙafar. Ta zauna tana kallon ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka, tana jin cewa muddin ba ta taɓa ta ba, Hassana amarya ce har yanzu. Sai da ta ji shesshekar Yalwa ta fara ƙarfi a waje sannan ta yi bisimilla ta matsa ƙafar, ta kira sunanta.

Hassana ta buɗe ido ta yi miƙa. Ta ce ta daɗe ba ta yi barci mai daɗi irin wannan ba. Ta ɗaga hannuwanta ta juya su a hasken taga, ta yi dariya.

"Inna Dije, kin gani? Wallahi ya kama."

"Ya kama, ɗiyata. Tashi zaune ki sha ruwa."

Ta sha. Dije ta zagaya ta zauna a bayanta, ta rungume ta ta baya kamar mai goyo, sannan ta kira Yalwa. Hassana ta dubi fuskar gwaggonta, ta dubi takalman ƙafarta, murmushin ya tafi. Ta tambaya ko Baba ne. Yalwa ta girgiza kai. Ta tambaya ko Inna ce. Daga nan ba ta sake tambaya ba, sai Yalwa ce ta faɗi sunan.

Ba ta yi kururuwa ba. Jikinta ne ya sandare a hannun Dije. Ta yi ta maimaita cewa ai sawu ɗaya ya ce zai yi. Dije ta riƙe ta har aka kira la'asar.

Su uku suka tafi gidan su Jelani. Maza sun riga sun ɗauke shi zuwa maƙabarta, tsakar gidan cike da mata, ga manyan tukwanen da aka aro don walimar gobe jingine da bango. Da Hassana ta shiga sai aka rasa inda za a zaunar da ita. Ba matar mamaci ba ce, ba kuma baƙuwa ba. Ta tsaya a tsakiya ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Mahaifiyar Jelani, Hajiya Kulsumu, ita ta miƙo hannu ta jawo ta kan tabarmarta, ta zaro hannayen daga cikin hijabin ta daɗe tana kallonsu, sannan ta kifa fuskarta a kai.

Washegari Malam Muhtari ya zo daga Zurmi. Mutanen da aka gayyata ɗaurin aure, waɗanda labari bai kai gare su ba, suka iso da manyan riguna suka tarar da zaman makoki. Wata tsohuwa ta tambayi Malam ko Hassana za ta yi takaba. Ya ce babu takaba a kanta tunda ba a ɗaura ba, kwana uku ne nata kamar na kowa. Ya faɗa a hankali, bai iya duban ɗiyarsa ba. Hassana ta ce ta ji. Daga baya ta gaya wa Dije cewa da an ba ta wata huɗu da kwana goman nan da ta fi samun sauƙi, ko ba komai mutane za su san abin da za su kira ta.

Bayan an share makoki aka sa ranar kwashe kayan ɗakin da danginta suka riga suka jera. Dije ta ajiye aikinta ta je taya su. Aka kwance gado, aka sauke kwanonin da ke jere a kabad, aka naɗe labule da ledar ƙasa, aka loda a a-kori-kura mai zuwa Zurmi. Direban ya yi ta danna ham, Yalwa ta shiga gaba ta zauna, amma Hassana ba ta fito ba.

Dije ta leƙa ta same ta tsaye a tsakiyar ɗakin da babu komai cikinsa. Ta ce mata mota na jira. Hassana ta ce a ara mata tsintsiya, ba za ta bar masa ɗaki da datti ba. Hajiya Kulsumu ta kawo da kanta. Hassana ta share ɗakin ciki, ta share na waje har bakin ƙofa, ta kwashe sharar a murfin kwali ta kai bola. Sannan ta ja ƙofar, ta miƙa wa tsohuwar makulli, ta durƙusa ta yi mata sallama, ta tafi ta shiga motar.